Jakin da Ya Shiga Kotu

Khalilu ya warware takardar siminti da aka naɗe littafin da ita, bai ko dubi bangon ba, ya zarce shafin ƙarshe. Rubutun fensir ɗin yana nan kamar kullum, manyan baƙaƙe a karkace, layi bakwai. Ya yi hamdala.

Shekara guda ke nan da kafa zauren makaranta littattafai na Anka, Gummi da Bukkuyum. Mutum goma sha huɗu ne, suna da guruf a waya, kowa ya faɗi abin da yake karantawa da wanda yake ganin ya dace 'yan'uwa su nema. Da yake littafi ya yi tsada, ɗaya ake saye ya zagaya. Ɗanmusa mai babur ke ɗauko shi daga Gummi ya ajiye a gidan su Khalilu a Anka, daga nan ya wuce Bukkuyum. Ƙarshen wata a haɗu a tattauna.

Duk zauren babu wanda ake yabo kamar Khalilu, kuma duk zauren babu wanda bai taɓa gama littafi ba sai shi. Shafi goma yake yi barci ya kwashe shi a shagonsa na maganin feshi. Abin da ya rufa masa asiri shi ne wani bawan Allah, da alama cikin mutanen Gummi, da ke rubuta ra'ayinsa da fensir a bayan kowane littafi. Ra'ayi kuwa mai kaifi. Khalilu sai ya haddace, ya goge tsaf, ya ƙara gishiri, ya je ya zuba a taro ana jinjina kai.

Ba don littafi yake wannan wahala ba. Don Nusaiba ce, malamar firamare a Gummi, wadda ke jagorantar zauren. Ta taɓa faɗa tana dariya cewa ba za ta auri mutumin da ke barin littafi a rabi ba, ita ma a rabi zai bar ta. Khalilu bai ɗauki maganar wasa ba, don har ya fara shirin tura magabata bayan Sallah.

Abu ɗaya ke ɓata masa rai, littafi ba ya isowa sai ya makara kwana uku. Ɗanmusa ya rantse ran Litinin yake kawowa. Inna Marka, mahaifiyar Khalilu, wadda ke karɓar saƙon, ta gyara tabaran da ya saya mata don tsintar tsakuwa a shinkafa ta ce, “Ni dai yau na gane shi bisa tabarma.” Khalilu ya san halin masu babur, bai ja zancen ba.

A tsakar gidan nan ne ma, makon jiya, ya yi wa Nusaiba fankama a waya. Ya ce gidansu kaf shi kaɗai ya san daɗin littafi, Inna in ban da allo da makarantar matan aure ta ran Asabar, ko sunanta da boko sai an kama mata hannu. Inna tana gefe tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

Littafin wannan wata labarin wani mahaƙin zinari ne da aka yi wa ƙazafi. Mai fensir ya rubuta cewa duk littafin babu kamar babi na tara, inda aka shigo da jakin mahaƙin kotu, ya je ya tsaya gaban ɓarawon gaskiya ya ƙi motsi. Khalilu ya ji daɗin wannan ƙwarai.

Ran taro, a wani aji a Gummi, shi ya fara miƙewa. Minti goma yana magana a kan jaki. Ya yabi haƙurinsa, ya kwatanta shi da talakan ƙasa, ya ce shi kam da ya kai babi na tara sai da ya share hawaye. Ya ba kowa shawarar ya sake karanta wurin sau biyu.

Wani ɗan Bukkuyum ya shiga fama da tari wanda ba tari ba ne.

Nusaiba ta ce, “Malam Khalilu, littahin ga babi takwas gare shi. Kuma babu jaki ciki, ko na wucewa.”

Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Dariya ta ɓarke, har da masu dukan benci. Da ya ga babu mafita, sai ya faɗi gaskiya duka, ya kuma nemi wanda ya yi masa wannan mugunta cikin mutanen Gummi ya fito.

Babu wanda ya fito. Nusaiba ta ce fes ta miƙa wa Ɗanmusa littafin, ba ɗigon rubutu. Ta ƙara da cewa, ba tare da dariya ba, ra'ayoyin da yake kawowa ne suka sa ta fara saurarensa, saboda haka maganar magabata ta dakata sai ta ga mai su da idonta.

Ɗanmusa ke nan, in ji Khalilu a ransa. Kwana uku yana riƙe littafi ashe karantawa yake! Khalilu ya dawo Anka da la'asar zuciyarsa na tafasa, yana tsara irin wankin da zai yi masa a tasha gaban jama'a.

Ya tarar da Inna a inuwar ɗaki, tabarau a karan hanci, da reza a hannu tana feƙe wani abu cikin tafinta. Ya zube ya gaishe ta. Ta tambaye shi taro, ya ce lafiya lau.

Ta hure ɓawon da ya taru a zanenta, ta duba tsinin guntun fensirin, sannan ta ce, “Madalla. Ka hwaɗa ma ɗiyar nan ta Gummi ta aiko da kashi na biyu da wuri, in ga ƙarshen mahaƙin ga. Jakin kau kak ka wahal da kanka nema nai, ni na sa shi da hannuna, ba wanda ya kama min.”