Dattawan Akwati Sun Ce Mu Koma Gida

Tun da aka daina naɗa alƙalai, muryoyin dattawan da suka rubuta tsarin mulki ne ke yanke hukunci daga cikin wani akwati, ko da yake sun daɗe da rasuwa.

Na raka Inna kotu neman fili, don kogi ya cinye garinmu, Kurmin Ɗinya, tun bara. Malam Barau, mai kula da akwatin, ya ce ta matso.

Ta durƙusa ta ce, "Ranku ya daɗe, kun rubuta kowa yana da haƙƙin wurin zama. Mu a rumfar tasha muke kwana."

Akwatin ya yi gyaran murya irin na tsoho. "Kurmin Ɗinya? Ai ranar Talata na ci kasuwarsa. Nufinmu kowa ya zauna garinsu."

"Malam Barau, gaya musu ruwa ne a can yanzu."

"Yi haƙuri, Inna. Ba sa jin abin da ya faru bayansu."

Da la'asar motar kotu ta sauke mu a bakin ruwa. Direban ya nuna mana kan hasumiyar masallacinmu can tsakiya, ya kashe mota. Ya ce hukunci ne, ba zai juya ba sai ya ga mun shiga gari.