Asabar Ɗin da Aka Ba Dogo

Ranar Laraba da yamma tsohuwar matar Dogo ta kira shi, ta ce jirginsu zai tashi ranar Lahadi. Mijinta ya samu aiki a wata ƙasa, kuma babu maganar dawowa.

"Asabar kawai nake da ita," in ji ta. "Zan kawo maka 'yarka wurin wasan nan da ka nace. Amma ka san sharaɗina."

"Na sani."

Shekarun da ya yi a gidan yari sun cinye masa rarrafen yarinyar, da tatatarta, da famfarar haƙoranta. Ya fito ya tarar ta shiga makaranta, tana gidan wani. Yanzu an yanko masa yini guda, kuma ya rantse ba zai bar layin jira ya ci masa ko ɗan yanki daga ciki ba.

Wurin wasan ya san shi kamar yunwar cikinsa. Ya yi ta aika wa uwar saƙon murya. Su iso kafin a buɗe, su shigo ta ƙaramar ƙofa, babbar ta 'yan makaranta ce. Kada su tsaya a lilon farko, nan kowa ke cincirindo. Su miƙe can ƙurya su fara da kwalekwale kafin rana ta yi zafi. Su ci abinci da hantsi, lokacin kujeru duk babu kowa. Gidan fatalwa sai da azahar, don akwai sanyi a ciki.

"Wannan shaƙatawa ce ko faretin soja?" in ji ta. "Kuma me ya sa duk inda muka je sai mun dawo bakin famfon nan mai feshi?"

"Akwai inuwa a wurin," in ji shi.

Ranar Asabar ya riga su zuwa. Daga nesa ya hango ta cikin jama'a, sanye da rawayar riga, tana tafiya da ɗan tsalle irin na mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta. Ya tanadi komai ban da abin da ya faru: yarinyar ta fizge hannunta, ta sheƙo da gudu ta rungume ƙafafunsa. Uwar ta tsaya baya kaɗan. Ta dubi fuskarsa, ta kau da kai, kamar ta rasa inda za ta nemi idanunsa.

Tsarin ya tafi daidai. Shi bai hau komai ba, a bakin famfon yake jiransu. Duk dawowa yarinyar da labarinta: kwalekwalen ya jiƙa Mama, dokin katako ya fi na gaske gudu. Yana ji yana gyaɗa kai. 'Ya'yan mutane suna ta rataya a jikinsa, yana zame su a hankali. Gumi na gangaro masa cikin ido, bai share ba. Ta miƙa masa askirim ɗinta, ya girgiza kai, ta ƙyalƙyale da dariya.

Da suka fito daga gidan fatalwa, uwar ce ke haki. Yarinyar ko a jikinta.

"Na ƙarya ne," ta ce masa. "Fatalwar gaske ba ta ihu. Tsayawa take kawai tana kallonka."

Ya tsaya kawai yana kallonta.

Bayan la'asar babban lilo mai juyawa ya tsaya cak, su suna can sama. Injin ne ya tsaya. Dogo ya ɗaga kai da ƙyar, ya gano ɗigon rawaya tsakanin ƙarafa. Kiɗan dawakan katako na ta maimaita kansa. Inuwar famfon ta yi tsawo, ta wuce ƙafafunsa, ta hau bango. Ɗan abin da ya rage masa ne ke ƙarewa a can sama, shi kuwa ko kiran sunanta ba shi da izini.

Ko da aka sauko da su, an fara kunna fitilu. Wayar uwar na ta ƙara, mijinta ne, kaya ba su gama haɗuwa ba.

"Mun tafi," in ji ta.

"Mama, hoto! Ɗaya tak!"

Dogo ya durƙusa. Yarinyar ta shige jikinsa, ta manna kunnenta a ƙirjinsa, mai hoto ya ɗauka. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Zuciyarka na bugu da ƙarfi," ta ce a hankali. Da aka miƙo mata hoton ta ƙura masa ido. "Da babana yana da rai, shi zan fara nuna wa."

Bakinsa ya buɗe. "Ni ne babanki" ta zo har kan harshensa, sharaɗin ya tare ta. Uwar tana kallonsa, hannunta a kafaɗar yarinyar, a shirye.

Ya ɗaga hannu ya yi musu sallama. Bai sauke ba har ƙaramar ƙofa ta haɗiye rawayar rigar.

Sannan ya bi ta bayan rumfar tikiti, ya tura ƙofar wani ɗan ɗaki mai warin gumi. Tsohon da ke kula da kaya ya miƙe yana faɗa.

"Dogo, kashe kanka za ka yi? Tun safe ba ka karɓi hutu ba!"

Ya zuge masa zip ɗin baya, ya sa hannu biyu ya ɗauke masa ƙaton kan zomon da ya wuni a ciki, ya rataye shi a ƙusa, zomon yana ta murmushinsa.