Gadin Gidan Depite

Kumandan bai tsawaita magana ba ranar da ya ajiye Kabo a ƙofar gidan. "In tsohon nan ya ɓace, kai za ka shiga Land Roba a madadinsa." Duk Gaya an san wanda ya shiga motar nan ba ya dawowa da ƙafarsa.

Alhaji Yakuba depite ne, wato ɗan majalisa, kafin soja su karɓi mulki, yanzu an tsare shi a gidansa. Kabo kuwa ƙaramin soja ne daga Tanda, mai tarbiyya. Gidan aure ne, ba ya wuce zaure. Sai ya kafa bencinsa daga waje, ƙarƙashin tagar Alhaji. Kullum bayan azahar minshari ya taso, mai nauyi, har da ɗan fito a ƙarshe. In Kumandan ya tambaya da yamma, sai Kabo ya ƙame ya ce, "Yana ciki, da kunnena na ji shi."

Abu ɗaya ke damunsa a gidan, wani ɗan kare da Alhaji ya zo da shi daga Kwatano. Allah ya yi halitta! Fuska baƙa a murtuke, hanci kamar an danna shi da babban yatsa, idanu a waje, wutsiya a naɗe kan baya. Gadi kuwa ko oho. Bindigar Kabo ma lasar ta yake yi. Da safe ya fito zaure yana neman wanda zai sosa masa wuya, rana na yin tsaka Hajiya Aisata, matar gidan, ta kira shi ciki.

"Ba ya rabuwa da ɗakin maigidansa," in ji ta.

Sai bazara ta kama, irin zafin Gaya da ko kogi ba ya rage shi. Karen ya fara haki, harshe a waje, ya bar cin abinci. Hajiya ta rikice. Ta jiƙa zane ta lulluɓe shi, ta yi ta masa fifita.

"Ɗana, don Allah samo mini ƙanƙara a tasha."

Kabo ya aika aka kawo, yana mamaki a ransa. Mace mai salla, mijinta na tsare, amma kare take wa hawaye? Duk da haka ta ba shi tausayi.

Ran Talata da hantsi karen ya mutu. Hajiya ta fito da shi a kwando, idonta jawur, ta ce za ta binne shi bakin kogi, kada Alhaji ya gani ciwonsa ya tashi. Ita ba a tsare take ba. Kabo da kansa ya ɗora mata kwandon a ka.

Azahar ta wuce ba ta dawo ba. Kabo ya zauna ƙarƙashin taga, ba minshari. La'asar ta gabato, shiru. Daga can wajen kasuwa ya jiyo ƙugin Land Roba.

Ya yi sallama har muryarsa ta dushe, sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya ɗaga labule ya shiga. Ba riga a ƙusa, ba takalmi, butar alwala ta bushe har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta. A tsakiyar katifar Alhaji akwai ɗan lotsawa, faɗin faifai, cike da gajeren gashi.

Ashe tun kaka Alhaji Yakuba yana Malanbil, can ƙetaren kogi, wata ƙasa, Kabo minsharin kare yake gadi.