Kundi na Talatin da Bakwai

Jan bironta na uku ya ƙare a kan kundi na talatin da bakwai. Malama ta wurga shi kwandon shara, ta zaro na huɗu.

Kwana tara ke nan ofis ya zame mata kurkuku. Fanka ta mutu tun tsakiyar zango, taga kuma ba damar buɗewa, yanzu ɗalibai za su leƙo da "Malama, maki ɗaya ya rage min." Dokar jami'a ce: ba mai tafiya hutu sai sashe ya miƙa sakamakon 'yan ajin ƙarshe gaba ɗaya. Kowa ya gama, saura ita, kuma kundin binciken ɗalibi ɗaya ya tare mata hanya.

Ba ta taɓa karanta shirme irinsa ba. Jimla ɗaya sai ta cinye rabin shafi ba ta je ko'ina ba. Littattafan da aka kafa hujja da su duk sun haura shekara ashirin. Abin haushi, tun kafin ta juya shafi ta san kwaɓar da ke biye, ta ce a ranta aikin ne ya bi jikinta. Ɗalibin kuwa ta san shi, ko takardar neman uzuri ba ya iya rubutawa. Kwafa ya yi, ba tantama. Ta zabga masa sifili.

Sifilin nan ya ɗaure kowa. Ɗalibi ba digiri, malamai ba hutu, sai kwamiti ya zauna.

Da kwamitin ya zauna, shugaban sashe, tsohon farfesa wanda kusan dukansu ta hannunsa suka biyo, ya shiga lallashi.

"'Yata, ki ba shi arba'in mu tashi. Jikokina na jirana."

"Ranka ya daɗe, satar ma da sauƙi," in ji ta. "Abin da ya sato ne ya fi ƙona min rai. Wanda ya rubuta wannan bai cancanci digiri ba, malamin da ya sa masa hannu kuwa ya cuci ilimi. A rubuta na faɗa."

Sakatare ya rubuta.

Aka kira ɗalibin. Ya shigo yana gumi, bai yi musu ba. Ya ce a tsohon sito na bayan laburare ya tsinci kundin da ya kwafa, ya ɗauka ba wanda zai tuna da shi. Ya zaro wani kundi mai koɗaɗɗen bango daga jaka ya ajiye.

Kundin ya bi hannu-hannu. Duk wanda ya buɗe sai ya miƙa gaba, ya sunkuyar da kai. Farfesa ya cire tabarau ya shiga gogewa, ya ƙi gamawa. Malama ta ƙagu ta ga sunan wannan daƙiƙin, ta miƙa hannu ta fizgo.

Sunanta ne a shafin farko, a ƙasansa kuma sa hannun Farfesa.