Rigar da Baba Ya Ƙi Taɓawa

Bayan la'asar ne, a ɗakinmu na unguwar Al-Naseem, nesa da garinmu, ina karanta wa Baba darasin tarihi. Wata sarauniyar Ingila 'yar Furotesta ta tsare 'yar'uwarta 'yar Katolika mai da'awar gadon sarautar, daga baya ta sa aka sare mata kai.

Baba yana tsaye a gaban wata babbar riga da yayansa, hakimin garinmu, ya aiko masa. Turarenta ya cika ɗakin. Da sanda ya ɗaga ta, ya jefa cikin leda ya ƙulle.

Na ce, "Baba, ai kai direba ne, ba sarautarsa kake nema ba."

Ya ce, "Uwata, a wurinsa numfashina ma nema ne."

Har yau in na ji turaren nan, sai na janye hannuna.