Batir Mai Albarka

Duk yamma, kafin ta ajiye jaka, mai ɗinki sai ta leƙa lungun da inbata, na'urar batirin sola, take, ta ƙirga fitilunta. Huɗu idan batir ya cika, ɗaya idan ya kusa mutuwa. Ranar da taransifomar unguwa ta ƙone, uku kacal ta tarar.

Abu biyu ne a gidan ba sa jure rashin wuta. Na farko injin numfashin mahaifinta, wanda shekara talatin na fentin mota suka cinye masa huhu. Na biyu ɗan firjin da ake ajiye allurar 'yarta mai ciwon suga. Bara zafi ya lalata maganin, yarinyar ta kwana huɗu a asibiti ba ta san inda kanta yake ba. Baba, da ke kiranta amaryarsa yana tsokanarta da rashin iya girki, kwana huɗun nan ko ruwa da ƙyar ya sha. Saboda su biyun ne mai ɗinki ta sayar da keken ɗinkinta ɗaya, aka kafa farantan sola a kan rufi.

Washegarin ƙonewar taransifomar mai sola ya zo. Ya dubi sama da ta lulluɓe da gajimare, ya duba bayan injin numfashin, ya shigar da wata lamba a wayarsa, sannan ya faɗi gaskiya ba kwana-kwana. Muddin rana ba ta fito sosai ba, batir ɗaya ba zai kai injin da firji safe ba. Ko a ƙaro batir, ko a zare firji.

Baba na kwance da robar iska a hanci, ya tambayi wanne ya fi shan wuta.

"Ai kai ne, Baba," in ji mai sola yana dariya. "Firjin nan ko ƙafarka bai kama ba."

Baba ma ya yi dariya, har tari ya sarƙe shi.

Batir na biyu dai babu halinsa. Ta yanke a ranta cewa duk ranar da ta dawo ta ga fitila biyu, za ta zare firji, ta tsoma maganin a ruwan sanyi, ta bar wa Allah sauran. Zaman gida kuwa bai kama ta ba, ɗinkin kayan makaranta na yara sittin ta karɓa. Takwas na safe take fita, yarinya ta same ta a shago bayan an tashi daga makaranta, su dawo shida na yamma.

Ranar farko ta tarar da fitila uku. Ta biyu ma uku. Sati ya zagayo, rana ba ta leƙo ta kirki ba, amma batir ko gezau. Sai bakinta ya buɗe. Duk wadda ta kawo ɗinki sai ta ji labarin mai solar da ya so ya tsorata ta don ya sayar da kayansa, da batir mai albarka da ya kunyata shi.

Baba kuwa tsufa ya ƙara masa fitina. Ya ce a matso masa da injin jikin gado, robar na jan hancinsa. Ya kori maƙwabciyar da ke leƙo shi da rana, wai surutunta na sa masa ciwon kai. Kullum kuma sai ya ce, "Uwata, in kin taso ki buga min waya, kar ku same ni a barbaje." Ta ɗauka shagwaɓar tsofaffi ce, ta biye masa.

Jikinsa ne ya ƙi. Leɓɓansa suka yi duhu, yana magana sai ya ɓingire da barci. Wata yamma ya daɗe yana kallon jikarsa kafin sunanta ya zo masa. Likita ya ce ta waya a ƙara masa ƙarfin iskar, ta ƙara. Tsoro ya hana ta sukuni, amma me kuma za ta yi? Injin na aiki, batir na riƙewa.

A kwana na goma sha huɗu, jim kaɗan bayan sun dawo, Baba ya cika. Tana riƙe da hannunsa, injin na ta gurnaninsa a gefe.

Bayan an share makoki ta kira mai sola ya kwance injin, za ta ba wata mai irin larurar. Cikin ɗacin rai ta ce masa batirin da ya raina bai gaza ko sau ɗaya ba, kwana ne kawai ya ƙare.

Mai sola ya sunkuya. Ya juya injin, ya duba 'yar tagar da ke ƙirga awannin aikinsa, ya gwada da lambar da ke wayarsa. Ya sake dubawa.

"Hajiya, kwana goma sha huɗu awa ɗari uku da talatin da shida ne. Abin da injin nan ya yi bai kai ɗari biyu ba."

Ta ce to ya lalace kenan. Ya kunna shi, ya tashi ƙalau. Ya ce irin wannan ba ya mutuwa da kansa ya farfaɗo da kansa, sai an sa hannu. Sannan a hankali ya tambaye ta ƙarfe nawa take fita, ƙarfe nawa take dawowa.

Ta buɗe baki za ta amsa, lissafin ya riga ta. Awa goma kullum, daga fitarta zuwa wayar da take bugowa, Baba ke kashe iskarsa da hannunsa domin firjin amaryarsa ya kai safe.