Geron Mararraba

Safara'u ta tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama. A bakin mararrabar da ke bayan gidansu a unguwar Ka'akiyya ta Makka, ga gero nan an tsiba, tattabaru sun rufar masa.

Wani zai ce sadakar tsuntsaye ce, abin da Makka ta saba gani. Ban da Safara'u. A ƙauyensu can ƙasar Gobir, inda burtali ya gitta hanyar fatake, ba a zuba hatsi a mararraba don Allah. Nan ake yar da ciwo, nan ake binne asiri, wanda ya tsallaka ya kwasa. Ta tofa addu'a, ta raɓa ta gefe, ba ta waiwaya ba.

Fura take sayarwa, da ita take ci take sha. Kullum da yamma takan saɓo gero daga kasuwa a tsohon buhunta, wanda ta ce shi ne sa'arta, ta tsaya a mararrabar ta huta har motoci su tsagaita. To, ga shi geron da ke isarta ya daina isa. Albarka ta tashi, kuma ta san inda aka kai ta.

Wa zai yi mata haka? Mujahida mana, aminiyarta tun zuwansu hajji, wadda ita ma fura take yi a layin gaba. Abin ya yi wa Safara'u ciwo ƙwarai, har ta daina amsa mata gaisuwa.

Ta sauya hanya, tana zagaye mai nisa da gwiwoyinta masu ciwo. Washegari geron ya bayyana a sabuwar mararrabar da ta huta. Ashe bin ta ake yi sawu da ƙafa.

Tura ta kai bango. Da yamma, ko buhun ba ta sauke ba, ta tsaya ƙofar Mujahida.

"Halas, zumunci ya ƙare. Mi na yi miki da za ki kai ni mararraba?"

Ta daɗe tana zazzagawa, har da tonon silili. Mujahida kuwa idonta na ƙasa, kamar mai jin kunya. Can ta ce, "Tayyib, Yaya, ina zuwa," ta shige ɗaki.

Safara'u ta gyara tsayuwa, tana jiran a fito mata da layu.

Mujahida ta dawo ta miƙa mata allura da zare, sannan ta nuna mata tsibin geron da ke ta girma a bayan dugaduganta, daidai ƙarƙashin buhun.